Kabad ko kanta? Kaya sun fi ƙarfina

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Bara likita ya ce ina da ADHD, wato larurar wahalar tattara hankali wuri ɗaya, wadda a takardun asibiti a nan ake rubutawa TDAH. Duk abin da na rufe a akwati, shi ke nan ya fita daga raina, sai in sake sayen wani. Ciki da falo muke haya a Rumde Ajiya, nan Garwa, Kamaru. Na ɗauki adashi, sefa 60,000. In sa a yi min kabad mai ƙofa ko buɗaɗɗiyar kanta?

Hajiya Babba: 'Yata, ki riƙa tashi da asuba kina shara, shi ke nan.

Ummu Sadiq: Hajiya, ba shara ta tambaya ba. Ƙanwata, kanta za ki yi. Ɗana haka yake, abin da idonsa bai gani ba babu shi. Ƙusa ɗaya bakin ƙofa don makulli, robobi masu nuna abin da ke ciki, babu murfi. Kanta 25,000 a Marwa.

Ɗan Yalwa: 25,000? Na kwali ne? Katako kaɗai ya haura 40,000. Kuma buɗaɗɗiyar kanta da ƙurar hunturu, a watan Janairu za ki yi shuka a kai.

Anti Talatu: Ni kafinta nake ja miki kunne. Na ba wani rabin kuɗi kafin azumi, har Babbar Salla babu kabad. Yau gobe, yau an ɗauke wuta, jibi uwarsa ba lafiya. Da ya kawo, ƙofar ba ta rufuwa, gara ta cinye bayanta kafin damina ta fita. Maigida har yau gori yake min. Allah ya isa!

Hajiya Babba: Na riƙe gida kafin a haife ku, amma maganata ba ta shiga.

Ummu Sadiq: Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya, larura ce, ba ƙiwa ba.

Maman Hanifa: Na gode. Gaskiya rabin ɗakin kwanukan jerena ne, ban taɓa cin abinci a cikinsu ba.

Anti Talatu: Ki sayar!

Hajiya Babba: Ta sayar da kayan da uwarta ta tara mata? Dangin miji su shigo su ga bango tsirara?

Ɗan Yalwa: Mu da muke biyan hayar ɗakin da kwalla ke kwana a ciki, wa zai ji kukanmu?