Ina zan sami Manon des Sources na 1952 mai fassara?

Salamu alaikum jama'a. Ina rubutu kan Claude Berri, daraktan Faransa da ya mayar da littafin Germinal na marubuci Zola fim a 1993, amma na cije a wuri ɗaya. Fim ɗinsa Manon des Sources na 1986 daga littafin Marcel Pagnol ya fito, shi kuma Pagnol sai da ya fara yin fim ɗin a 1952 kafin ya rubuta littafin. Dole in kwatanta fina-finan biyu.

Duk binciken da na yi a intanet na Berri yake kawo min, mai ɗan wasa Yves Montand. Da ƙyar na samu na Pagnol, ba fassara a ƙasa, ni kuwa Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Fassarar da na sauke ta 1986 ce, maganganun sam ba su hau ba.

Don Allah, ina ake samun na 1952 mai fassarar Turanci?