Sha'ir ɗina ya kwanta, alkama kuwa tana tsaye

Manomin rani, Kadawa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bana na gwada sha'ir a fangali huɗu gefen alkamata. Rana ɗaya na yafa su a ƙarshen Nuwamba, taki ɗaya, ruwa ɗaya. Zangarniya ta fara nauyi ke nan na ba da ruwa da la'asar, cikin dare iska ta taso. Da safe na tarar da sha'ir a shimfiɗe kamar shanu sun kwana a ciki, alkama kuwa ko gezau. Wa ya taɓa ganin haka?

Wani dattijo, Haɗeja:
Ɗana, koma ka duba gindin. In saiwa ta ɗago da laka a jikinta, ruwan da ka bayar ne, ƙasa ta yi taɓo ta saki. In karan ne ya lanƙwashe a gaɓar ƙasa, taki ya yi yawa. Na biyun ya same ni a alkama, shekarar da na zuba yuriya har sau uku don ganye ya burge ni. Kore shar, amma ka matsa karan da yatsa biyu ya lotse. A durƙushe muka yi yankan lauje, ƙwayar da ta taɓa ƙasa duk ta yi baƙi.

Manomin Kadawa:
Baba, na duba. Saiwar ce a waje. Amma ai alkamar ma ruwan nan ta sha.

Ɗalibar aikin gona, Samaru:
Yaya, nan ne iri ya shigo. Yawancin alkamar da muke shukawa yanzu tana ɗauke da gadon gajarta daga Norin 10, irin Japan da masanin noma Norman Borlaug ya yi aiki da shi a Meziko, gajeren kara kuwa bai cika kwanciya ba. Karan sha'ir kuwa dama bai kai na alkama ƙwari ba. Shi ma an gajarta shi a Turai: Diamant da aka fitar a Cekoslobakiya a 1965 ya gaza uwarsa Valticky tsawo da kusan santimita 15, akwai kuma Golden Promise da ya taɓa mamaye gonakin Sikotilan. A filin gwajinmu na ga gajeren iri ma ya faɗi inda muka yafa iri da yawa, don tsiron na rige-rigen neman rana sai ya miƙe siriri. Ka tambayi cibiyar binciken Tafkin Cadi da ke Maiduguri, alkama da sha'ir da gero aikinsu ne.

Wani da ya zauna a Habasha:
Ƙanwata, gajarta ba kowa ke sonta ba. A tsaunukan Arsi na ga manoma sun riƙe dogon irinsu na gargajiya, suna sane yana kwanciya, saboda karan shi ne cimar shanunsu da rani. Sai dai ba sa ɗura masa taki kamar mu.

Dattijon Haɗeja:
Kuma kada ka sa yara su ɗaga shi da hannu, karya shi za su yi. Tunda ƙwaya ba ta ƙosa ba, bar shi.

Manomin Kadawa:
Na bar shi, Baba. Yau kwana biyar, kawunan sun fara ɗagowa daga gaɓa kamar gwiwar hannu, ban da fangalin bakin magudana da ya fi shan ruwa. Ruwan gobe na mayar da shi safiya, in na ga iska ta lafa.