Sauya manhajar ƙwaƙwalwar Golf 4 mai dizal

Mai Golf: Salam. Masana, Golf 4 ce 1.9 TDI mai ƙarfin doki 130. In aka sauya manhajar ƙwaƙwalwarta, ƙarfi zai ƙaru kuma shan mai ya ragu?

Rewaya: Wa alaikumus salam. Ƙarfin zai ƙaru, tunda tana da tobo. Sauyi mai sauƙi yakan kai ta wajen doki 160. Amma fara haɗa ta da VCDS, wato manhajar kwamfuta ta gano matsalar motocin Volkswagen, a duba nozil, bututun tobo da na'urar auna iska. In akwai yoyon iska, baƙin hayaƙi kawai za ka samu. Sannan a kwafi ainihin fayil ɗin manhajar ta kafar OBD, wato inda ake jona kwamfuta da mota, a adana shi kafin a taɓa komai. A jona caja a batir, domin in wuta ta yanke ana cikin rubuta sabuwar manhajar, motar ba za ta ƙara tashi ba sai an buɗe ƙwaƙwalwar.

Bakanike: Malam, kulochi fa ka duba. Tsohon kulochi yakan fara zamewa a giya ta 4 da ta 5, saboda bayan sauyin ƙarfin juyin injin yakan wuce 310 Nm (ma'aunin ƙarfin juyi) na asali.

Direban Hanya: Ragin mai kaɗan ne, kuma sai a doguwar tafiya da ƙafa mai sauƙi. In kana take totur, za ta sha mai fiye da yadda take sha a da.