Bakina ya kasa cewa a'a

Maɗinkin Kwarbai:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya ban rintsa ba. Ga abin da ke cina, mai amsa ya amsa.

Saura kwana 6, Sallah na tahowa,
Riga 12 a rataye, zare na ƙarewa,
Aska takwas guda, makonni take cinyewa,
Amma duk wanda ya shigo, sai in ce "ba damuwa".
Ba kuɗin ke jana ba, fuska nake dubawa,
Kar ya fita ransa a ɓace, ya daina gaisuwa.

Hajiya ta Tudun Wada:
Ɗana, ciwon nan ni ma yana cikin jiki,
Kwasar adashina ta ƙare a ankon biki,
Atamfa 3 wata guda, ga su jibge a ɗaki,
Kuɗin makarantar auta kuwa sai na ci bashi a wurin aiki.
Don kar a ce "ta yi rowa" na ji tsoron baki,
Ranar ɗaurin aure ko kallona ba a yi ba, na dawo da baƙin ciki.

Ɗalibin Samaru:
Hajiya a gafarce ni, ni dai ina ganin kunya,
Da kara da kawaici, su ne gadon tarbiyya,
In kowa ya ce a'a, ina zumunci a Zariya?

Malam na Anguwar Juma:
Ɗalibi ka faɗi rabi, bari in ƙara bayani,
Kara ita ce ka ba da naka, zuciya ba ta da rauni,
Amma alkawarin da ka san ba ka cikawa, cuta ce ga wani.
Ka tuno mai shaddar nan da ya tara kuɗinta tun bazara da rani,
Safiyar Idi a Ƙofar Doka, tsohuwar riga za a gani.
Kowa ya daka rawar wani,
Turmin daka tasa zai nema bai gani.

Maɗinkin Kwarbai:
Allah gafarta Malam, maganar ta shige ni.
Bayan Azahar na kira mutum 7, muryata na rawa,
Na ce su zo su karɓi yadinsu tun da sauran kwana.
Ɗaya ya zo ya fizge nasa, ko sallama bai yi mini ba,
Ya ce Sabon Gari zai kai, a yi masa na inji.
Wani dattijo ya ce, "Gara da ka faɗa, ɗana,
Bar ta wurinka, na saka a Babbar Sallah."