Na gaji tsofaffin katunan gidan waya, ta ina zan fara?

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bayan rasuwar kakana mun buɗe akwatinsa, sai muka tarar da tsofaffin katunan gidan waya, irin masu hoto a gaba, a yi rubutu a baya, a liƙa kan sarki a aika ba ambulan. Na ƙirga 63. Sauran dangi ba su damu da su ba, ni kuwa kusan kullum sai na fito da su na duba. Wanda ya fi tsaya mini a rai hoton wata gada ce cike da mutane, ga masallaci a bayanta, an rubuta "Constantinople" a ƙasa. Akwai kuma na Port Said, wani gari a Masar, mai wani ƙaton mutum-mutumi a bakin ruwa. Yaya zan gane shekarunsu da labarin abin da ke cikin hoton? Sannan gefen wasu ya fara cinyewa, ina tunanin in kai a yi musu laminatin. Ya dace?

Mai tara katuna: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kaka, ya sa ya huta. 'Yar'uwa, don Allah kada ki yi laminatin. Zafi da gam ne ke manne ledar da takardar, in ta kama ba ta ɓaruwa har abada, katin ya tashi daga aiki ke nan. Haka salatif, bayan 'yan shekaru yakan bar tabo ruwan ƙasa. Ki nemi ledar ajiyar hotuna wadda ba ta nau'in robar da ake kira PVC ba, kowane kati da tasa, ki jera su a tsaye cikin kwali, nesa da rana da danshi. Kuma kada wani ya ce ki ɓare kan sarkin ki ajiye daban. Shi da hatimin da aka buga a kansa su ne shaidar katin.

Tsohon ma'aikacin gidan waya: 'Yata, juya katin ki fara da bayansa. A Ostiriya aka fara fitar da katin gidan waya, a 1869, kuma shekaru da dama doka ba ta yarda a rubuta komai a baya ba sai adireshi. Mai saƙo sai dai ya matsa rubutunsa a gefen hoton. Ingila ce ta fara yarda a ja layi a raba bayan biyu a 1902, saƙo a hagu, adireshi a dama. Faransa ta biyo a 1904, Amurka a 1907. Saboda haka in kin ga bayan kati ba layi a tsakiya, mai yiwuwa ya girmi waɗannan shekarun. Ki kuma samu madubin ƙara girma ki duba fuskar hoton. In kin ga ɗigo-ɗigo a jere, bugun inji ne. In sumul yake, to hoto ne aka wanke kai tsaye a takardar kati, irin wanda ya yawaita bayan kamfanin Kodak ya fito da kyamara mai ɗaukar hoto daidai girman kati a 1903. Irin wannan wani lokaci 'yan kwafi kaɗan aka yi, ki riƙe shi da kyau.

Malamar tarihi: Ni gadar ce ta ja hankalina. Da alama gadar Galata ce a Santambul, birnin Turkiyya da a da ake kira Constantinople, masallacin kuma Yeni Cami, wato Sabon Masallaci, duk da an gama shi tun 1665. Ki dubi kawunan mazan. In jar dara ce a kansu, an ɗauki hoton kafin ƙarshen 1925, shekarar da gwamnatin Mustafa Kemal, shugaban Turkiyya na lokacin, ta hana sa ta. Ki dubi allunan shaguna in suna fitowa: da haruffan Larabci ake rubuta Turkanci har 1928. In akwai taragon lantarki a kan gadar, to gadar ƙarfen da aka gina a 1912 ce, wadda gobara ta lalata a 1992. Har 1930 ana karɓar kuɗin ƙetare ta, masu karɓar suna tsaye a bakinta cikin fararen kaya, ki neme su a hoton. Na Port Said kuwa mutum-mutumin Ferdinand de Lesseps ne, Bafaranshen da ya jagoranci haƙa mashigin Suwez. An kafa shi a 1899, Misrawa suka tumɓuke shi a ƙarshen 1956 bayan yaƙin Suwez.

Mai neman shawara: Allah ya saka da alheri. Baba, na juya, akwai layi a tsakiya. Malama, duk mazan jar dara ce a kansu, kuma babu tarago. Amma hatimin na 1929 ne. Yaya za a yi ke nan, ba an hana hular ba?

Mai tara katuna: Nan ne yawancinmu muka yi tuntuɓe da farko. Kati ɗaya yana da shekaru uku: ranar da aka ɗauki hoton, ranar da aka buga katin, da ranar da aka aika shi. Masu bugu sukan yi shekaru ashirin suna maimaita hoto ɗaya in yana shiga kasuwa, kati kuma yakan daɗe a kanta kafin a saya. Hatimin 1929 abu ɗaya kawai ya tabbatar, cewa ba bayan 1929 aka buga katin ba. Kuma kada ki yarda da duk abin da kika gani. Kalar da yawansu da hannu aka shafa ta, sau da yawa mai shafawar bai taɓa ganin garin ba. Katunan zamanin mulkin mallaka kuwa, da yawa shirya mutanen aka yi aka tsayar da su, aka rubuta musu bayanin da mai saye a Turai yake son karantawa.

Malamar tarihi: Haka ne. Ki samu littafi ki ba kowane kati lamba, ki rubuta sunan kamfanin da ya buga, da abin da hatimi ya nuna, da abin da kika gano. A littafin fa, ba a jikin katin ba. Kuma ki karanta saƙonnin da ke baya, ki kai wa dattawan gidanku tun suna raye, wataƙila wani ya gane rubutun hannun.

Mai neman shawara: Na fasa laminatin ɗin. Na Santambul ɗin rubutu layi uku ne a bayansa, ba sa hannu sai harafi ɗaya. Ƙanwar kakana tana nan da ranta, gobe in sha Allah zan kai mata ta gani.