Wace kyamara da wane gida mai hana ruwa shiga zan saya don ɗaukar hoto a ƙarƙashin Bahar Maliya?

Ɗan Azhar:

Assalamu alaikum jama'a. Ina karatu a Alƙahira, kuma na samu takardar nutso ta matakin farko daga PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso, a Dahab da ke gaɓar Bahar Maliya, wadda ta ba ni izinin sauka har mita 18. Abin da idona ya gani a ƙarƙashin ruwan nan ya hana ni sakat. Murjani ja da ruwan hoda, ƙananan kifaye masu ruwan lemo sun yi cincirindo a bakin dutse, amma da na duba bidiyon da abokina ya ɗauka da ƙaramar kyamararsa GoPro sai na ga komai ya koma shuɗi-shuɗi, kore-kore. Na tura wa mahaifiyata a Zariya, ta ce ita ba ta ga abin da nake ta zuzutawa ba. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, domin so nake ta ga abin yadda Allah ya halicce shi.

Na tara ɗan kuɗi, ba masu yawa ba. Ina da babbar Canon irin wadda ake canza wa lensi, da ita nake ɗaukar hotunan walimar ɗalibai. To shin in nema mata gida mai hana ruwa shiga, ko in sayi ƙarama kamar TG-7 ta OM System, ko Sony RX100 da ake ta yabo? Burina nan gaba in ƙara takarda in ziyarci Thistlegorm, jirgin ruwan Birtaniyan da jiragen saman yaƙin Jamus suka nutsar a 1941, wanda har yau babura da motoci ke jere a cikinsa. Masu sani ku taimaka mini don Allah.

Bakatsinen Jidda:

Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko ka kwantar da hankalinka, GoPro ɗin abokinka lafiyarta ƙalau. Ruwa ne yake shanye launi. Ja shi ne farkon tafiya, kafin ka kai mita 5 ya fara dusashewa, sai ruwan lemo ya bi bayansa, sai rawaya, har ya zama shuɗi kaɗai ya rage. Idonka da ƙwaƙwalwarka suna ɗan gyara maka abin, kyamara kuwa abin da ya iso gare ta shi take rubutawa. Kuma ba zurfi kaɗai ake lissafawa ba, har da tazarar da ke tsakaninka da kifin, domin hasken sai ya ratsa wannan ruwan ma kafin ya iso lensi. Shi ya sa duk wanda ya daɗe a harkar zai ce maka ka matsa kusa, in ka ga ka matsa to ka ƙara matsawa.

Maganar Canon ɗinka, ni dai ina ba ka shawara ka bar ta a tudu tana kawo maka kuɗin walima. Gidan kyamara ba a yin sa na kowa da kowa. Kowane samfuri da nasa, an ƙera shi daidai da inda kowane maɓalli yake, galibi ranar da ka canza kyamara gidan ya tashi aiki. Na babbar kyamara kuma ba ya zuwa shi kaɗai, sai ka sayi gilashin gaba daban gwargwadon lensin da za ka ɗora. Shimfiɗaɗɗen gilashi yana ƙara wa abu girma da wajen kashi ɗaya cikin uku, yana kuma rage faɗin abin da kake gani, ya dace da ƙananan halittu. In faɗi kake so, kamar gefen jirgi ko bangon murjani, sai gilashi mai ƙubba. Ka haɗa kuɗin gida da ƙubba da zoben juya lensi, sau da yawa sun ninka kuɗin kyamarar kanta. Gidajen kamfanin Nauticam na alminiyum ne, yawancinsu suna jure mita 100, amma tsadarsu ba ta ɗalibi ba ce. Gidan Ikelite kuwa na roba ne mai ƙarfi, mita 60, da ɗan sauƙi, ga shi kana hango cikinsa ta baya.

Ni RX100 nake amfani da ita a nan Obhur. Sensarta, wato ɓangaren da ke karɓar haske a cikinta, ta inci ɗaya ce, ta fi ta TG-7 girma nesa ba kusa ba, kuma kai ne da kanka kake saita saurin ɗauka da buɗewar lensi. Wannan yana da muhimmanci ranar da kake son bayan hoton ya fito shuɗi mai duhu, kifin kuma ya fito da launinsa. In ita za ka nema, ka nemi ta biyar a jerin samfuranta, mai lensi milimita 24 zuwa 70. Ta shida da ta bakwai lensinsu yana miƙewa har 200, a tudu abin so ne, a cikin gida kuwa yana wahalar da ɗora ƙarin lensi a gaba.

Amma ka riƙe wannan: kada ka zuba duk kuɗinka a kyamara da gida. Ka ware kaso mai tsoka don filasha ta waje, irin ta Inon ko Sea & Sea, da hannun da za ka ɗaura ta. Ita ce za ta dawo wa Hajiya da jan da ta rasa.

Maman Hanan:

Sannu Ɗan Azhar. Ni a Hurgada nake tare da maigida, kuma da TG-6 nake nutso, yayar TG-7 ɗin da ka ambata. Gida ɗaya suke shiga, PT-059, wanda yake kaiwa mita 45. Yaya Bakatsine ya faɗi gaskiya kan sensa, ba na musu, amma akwai abin da bai taɓo ba, kuma a ganina shi ya fi shafar sabon shiga. Ita wannan kyamarar ko babu gida tana jure ruwa har mita 15. Ma'ana in aka yi rashin sa'a ruwa ya ɗan tsiyaya cikin gidan, za ka hau sama ka wanke ta da ruwan daɗi, ta ci gaba da aiki. RX100 kuwa cokali ɗaya na ruwan gishiri ya isa ya raba ka da ita har abada. Na ga wani baƙo a jirginmu ya buɗe gidan kyamararsa ruwa ya zubo, ya zauna ya yi tagumi har muka iso gaɓa bai ce uffan ba.

Sannan tana da wani tsari na ɗaukar abu daga tazarar santimita ɗaya. Akwai wasu halittu kamar dodon koɗi marar ɓawo, ba su kai ɗan yatsa ba, jikinsu da zane rawaya da baƙi da shuɗi, a kansu wasu 'yan ƙahoni biyu masu laushi. Da wannan tsarin har ƙananan gashin da suke numfashi da shi a bayansu yana fitowa tar. Mai RX100 sai ya sayi ƙarin lensi kafin ya samu haka. Tana kuma ajiye hoto a tsarin RAW, ka gyara launi a kwamfuta daga baya.

Inda ta gaza zan faɗa maka: ba ta barin ka zaɓi saurin ɗauka kai tsaye, kuma a wuri mai duhu kamar cikin Thistlegorm hoton yana yin tsakuwa-tsakuwa in babu fitila mai kyau. Kada kuma ka dogara da ƙaramar filashar jikinta, domin tana dab da lensi, duk ƙurar da ke yawo a ruwa sai ta haska ta, hoton ya cika da fararen ɗigo. Ta waje ake ɗaurawa can gefe, a karkata ta, ita ta jikin aikinta kawai ta kunna ta wajen ta wata siririyar igiyar haske.

Dattijon Bur Sudan:

Yarona, barka da himma. Mu Hausawan nan kakanninmu hanyar Makka ce ta ajiye su a bakin wannan tekun, ni kuma na yi shekaru ina aiki a jiragen da ke kai baƙi nutso, zuwa Sanganeb, da Sha'ab Rumi inda Cousteau, Bafaranshen nan mai binciken teku, ya gina gidajensa a ƙarƙashin ruwa a 1963, da Umbria, jirgin Italiya da ma'aikatansa suka nutsar da hannunsu a 1940 dab da tashar nan. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 baƙi suka ɗauke ƙafa, Allah ya kawo mana ƙarshensa.

Sunayen kyamarori na bar wa 'yan'uwanka. Abin da na sani shi ne yawancin gidajen da na ga ruwa ya shiga ba masu arha ba ne, gaggawar mai su ce ta ja. Babban tsaron gidan yana kan zoben robar da ke bakin murfinsa. Silin gashi guda ko ƙwayar yashi a kansa ya isa, domin kowace mita 10 da ka sauka ruwa yana ƙara danna ka da nauyin iskar duniya guda. Ka shirya kyamararka tun da dare a ɗaki, a kan tebur mai tsabta, cikin haske. Ka zare zoben da gefen kati, ba da wuƙa ko allura ba, ka goge ramin, ka shafa man silikon ɗan kaɗan, iya abin da zai sa ya yi sheƙi. Man ba ya toshe ruwa, santsi kawai yake sa wa roba, in ya yi yawa yashi yake kamawa. Karon farko ka sauka da gidan babu kyamara, ka cusa takardar goge hannu a ciki, in ka fito ka duba ko ta jiƙe.

Kada ka yi tsalle cikin ruwa da ita a hannu, ka shiga tukun a miƙo maka. Kada ka bar ta a rana a kan jirgi, gilashin zai yi raɓa ta ciki in kun sauka. Ka rufa mata jiƙaƙƙen tawul, ka sa ɗan ƙullin silika mai tsotse danshi a cikin gidan. In kun fito ka jiƙa ta a ruwan daɗi kana danna kowane maɓalli. Gishirin Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna, in ya bushe a gindin maɓalli sai ya ci robar.

Abu na ƙarshe, kuma ka yi haƙuri da ni. Mai sabuwar takarda bai gama koyon tsayuwa cak a ruwa ba. Ido na kan allon kyamara, ƙafa na karya murjanin da ya ɗauki shekaru yana tsiro, an manta da duba agogon iska, an manta da abokin nutso. Ka ƙara nutso hannu sake, har sai ka iya tsayawa wuri ɗaya da numfashinka kaɗai.

Ɗan Azhar:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, na ji kuma na karɓa, zan fara yin darasin daidaita jiki tare da takarda ta biyu mai kai mutum mita 30, in ya so kyamara ta biyo baya. Na karkata ga TG-7 da PT-059 da filasha guda, saboda maganar Maman Hanan ta zauna mini, aljihuna ba zai ɗauki asarar RX100 ba. Yaya Bakatsine, in na samu filasha ta hannu, me zan duba kafin in biya?

Bakatsinen Jidda:

Ka buɗe ɗakin batir ka leƙa da tocila. In ka ga kore-kore ko tsatsa a kan ƙarfen, ruwa ya taɓa shiga, ka bar masa kayarsa komai arharta. Ka duba zoben murfin ko ya tsage, ka sa batir ka harba ta sau da yawa a jere a kowane mataki na ƙarfi, ka ga ko tana saurin sake cika. Ka je da kyamarar da gidan da igiyar hasken, ka gwada su tare a gaban mai sayarwa, domin wata filashar sai an saita ta kafin ta dace da walƙiyar farko da kyamara ke yi don auna haske.