Likita ya ce ƙashin Inna ya zaizaye, me za mu riƙa ba ta?

'Yar Auta: Assalamu alaikum. Innarmu, shekararta 67, ta zame a bakin rijiya ta karye a wuyan hannu. An yi hoto, likita ya ce zaizayar ƙashi ce. Ita kuwa ba ta iya zama wuri ɗaya. Me za mu riƙa ba ta ta ci?

Maman Biyu: Allah ya ba ta lafiya. Kindirmo kullum, kada a fasa.

Anti Nas: Amin. Macen da ta haura 50 ana so ta samu kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, wajen miligiram 1,200 a rana, kofin nono ɗaya kuwa kusan 300 ne, kin ga bai isa shi kaɗai ba. A ƙara da miyar kuka, kwaɗon zogale, kantun riɗi, da ƙananan kifin da ake taunewa har ƙaya. Alayyafo kam kada a dogara da shi, jiki ba ya iya zuƙar yawancin kalsiyam ɗinsa. Wake da ƙwai kuma saboda ƙarfin tsoka.

Hajiya Babba: 'Yata, ki saurare ni da kyau. Ni ma wannan ciwon nake fama da shi. An rubuta mini alendronate, ƙwaya ɗaya a mako, amma inda na saya ba wanda ya yi mini bayani. Sai in haɗiye bayan asuba da shayi mai madara, in koma in kwanta. Wallahi ƙwannafin da na sha, kamar an zuba mini garwashi a ƙirji, ko tuwo ba na iya haɗiyewa. Ashe da ruwa zalla ake sha, cikakken kofi, ciki babu komai, a zauna a miƙe minti 30 kafin a ci wani abu. Madarar ma hana shi shiga jiki take yi. Wata uku na yi a banza. In an ba Inna shi, ki tsaya a kanta da kanki.

Maman Biyu: Sannu Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi.

Uwar Gida: Ba wanda ya ambaci kunun tamba! Ta fi gero da dawa kalsiyam nesa ba kusa ba.

Amarya: Yaya, a garinmu ina za a ga tamba? Ku mutanen kudancin Kaduna komai sai kun sako ta.

Uwar Gida: Ki aiko kuɗin mota, in aiko miki tiya guda.

Anti Nas: Inna ta riƙa shan hantsi a tsakar gida, hannu da ƙafa a buɗe, don bitamin D. Kuma a tambaye ta ko tana shan dexamethasone ko prednisolone don ciwon gwiwa, su ma cin ƙashi suke yi. In ta daɗe tana sha, kada ta yanke lokaci ɗaya, a gaya wa likita.

Hajiya Babba: Ku bar ta ta yi tafiyarta, amma a ɓoye gajeriyar tsintsiya da guga. Sunkuyo da kaya ne ke karya ƙashin baya.

'Yar Auta: Na gode ƙwarai. Gugan nan ne za a sha daru a kansa. Yaya, nawa ne tiyar tambar?